Ɗan Wasa Ba Ya Raina Hauya

A nan Gure muna ganin yaranmu na lise suna gudu a kan yashi da sassafe, da maraice kuma suna buga ƙwallo ko kokowa. Wannan abin farin ciki ne. Amma wani yaro, da ya ci gasa sau ɗaya, sai ya fara ɗaga kai. Ya daina zuwa horo. In hutun damana ya zo, sai ya ce shi ya wuce noma.

Ƙarfin jiki ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a ajiye. In aka bar motsa jiki makonni kaɗan, numfashi yana raguwa, ƙafa tana nauyi. Noma da jan ruwa a rijiya ba sa rage ɗan wasa, ƙarfi suke ƙara masa.

Mu duba tarihin ƙasarmu. A 1972 Isaka Dabore ya samo wa Nijar lambar tagulla ta dambe a wasannin Olamfik a Jamus. Sai da aka yi shekara 44 kafin Abdurrazak Alfaga ya samo ta azurfa a taekwondo, a Brazil, a 2016. Bai zauna cin yabo ba. Ya koma horo, a 2017 ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu.

Mu iyaye muna da namu aikin. Mu ba yaro wake da gyaɗa da fura. Ya sha ruwa sosai, ya yi barci da wuri. Mu kuma sa ido a kan ƙwayar tramol. Gajiya kawai take ɓoyewa, kuma tana iya jawo farfaɗiya.