Kaza da Kayan Lambu a Tukunya Ɗaya: Ilimin da Ke Cikin Girkin Gaggawa

A biranenmu yanzu ba kowace uwargida ce ke ɗora sanwa da la'asar ba. Malamar makaranta da ma'aikaciyar jinya da mai shago a kasuwa sukan shigo gida ana kiran magariba, ga gajiya, ga yara na jiran abin da za su ci kafin barci ya kwashe su. Tuwo da miya kuwa aikin tukunya biyu ne, kuma da wuya a gama shi ƙasa da awa biyu in har daga jajjage za a fara. Shi ya sa a gidaje da yawa abincin daren ranakun aiki ya koma taliyar leda da ƙwai, ko shayi da burodi. Ciki yana cika, amma sai a yi mako guda ganye bai shiga bakin kowa ba.

A Amurka da Ingila masu irin wannan matsala sun rungumi wani salon girki: a yanka kaza da kayan lambu, a shafe su da ɗan mai da kayan ƙamshi, a baza a faffaɗan tire guda, a tura cikin oban mai zafin digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, bayan minti talatin da biyar zuwa arba'in a fito da abinci. Mu wannan ba baƙon tunani ba ne, domin dafa-duka da faten doya da faten wake duk tukunya ɗaya ce. Inda muka bambanta shi ne, a dafa-dukarmu shinkafa ce sarauniya, karas da kabeji kuwa ado ne da ake barbaɗawa a sama don a ga launi. Abin da ya dace mu ara a wurinsu shi ne juya wannan lissafi, kayan lambu su cinye rabin tukunyar. Oban ɗin ba dole ba ne. Tukunya mai kauri da murfi mai kamawa, ko kasko mai zurfi, sun isa, a kan gas ko gawayi.

Sai dai tukunya ɗaya ba tana nufin a zuba komai lokaci ɗaya ba. Nan ne yawancin masu gwadawa ke faɗuwa, su ƙare da kabeji ya narke, dankali bai nuna ba, kaza ta yi fari fat ba ɗanɗano. Duk gwanintar wannan girki tana cikin sanin wa zai fara shiga tukunya, wa zai jira.

A fara da kazar kanta. Kazar Hausa ta fi daɗi, wannan ba abin musu ba ne, amma ba ta girkin gaggawa ba ce. Ta yi watanni tana yawo tana tono, jijiyoyin da ke ɗaure da tsokarta sun yi ƙarfi, kuma ba sa sakewa sai sun daɗe a kan wuta cikin ruwa. Haka tsofaffin kajin ƙwai da masu gidan gona ke sayarwa da araha idan sun rage yin ƙwai. Wadda ta dace da daren ranar aiki ita ce kazar gidan gona ta nama, wadda ake yankawa tana da mako shida zuwa takwas, namanta bai riga ya yi tauri ba. A jikinta ma akwai zaɓi. Tsokar ƙirji ba ta da kitse sosai, tana nuna da wuri, kuma da an wuce da ita minti biyar sai ta bushe ta riƙa maƙalewa a haƙori. Cinya ta fi haƙuri da wuta saboda kitse da jijiyar da ke cikinta, don haka ita ce abokiyar mai girki da hannu ɗaya tana duba aikin makarantar yara da ɗayan. Wanda ya dage sai kazar Hausa, to ya tafasa ta tun ranar hutu, ya adana naman da romonsa.

Al'adarmu ita ce a tafasa nama sannan a soya shi cikin mai mai yawa. A wannan girki akasin haka ake yi. A tsane kazar sosai har ruwa ya bar jikinta, a shafa mata gishiri kaɗan da citta da tafarnuwa da masoro, a zuba mai cokali biyu a tukunyar da ta riga ta yi zafi, a jera yankan ba tare da sun hau juna ba, sannan a ƙyale su. Kada a yi ta juyawa. Minti huɗu ko biyar a gefe ɗaya, a juya, a ba ɗaya gefen irin wannan.

Dalilin tsanewar nan ilimi ne da aka sani fiye da shekara ɗari. A shekarar 1912 wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda sinadaran gina jiki da sukarin da ke cikin abinci ke haɗuwa a kan zafi su haifar da launin ja-ja-ja da ƙamshi. Shi ne ƙamshin tsire a bakin wuta, da na gyaɗar da aka soya, da na bayan gurasa. Wannan haɗuwa ba ta yin sauri sai zafi ya kai wajen digiri 140, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, ba ya wuce nan. Matuƙar akwai ruwa a jikin naman, zafin zai tsaya a na ruwan, kazar ta dahu ba ta soyu ba. Cunkusa nama da yawa a ƙaramar tukunya ma haka yake jawowa: ruwan da ke fita daga jikinsa ya rasa hanyar tashi, ya taru a ƙasa. Gara a soya kashi biyu. Abin da ya kama a gindin tukunyar kuma, in bai ƙone ya yi baƙi ba, kada a kankare a zubar. Da an kwashe kazar an zuba albasa da jajjagen tattasai da ɗan ruwa zai narke, kuma shi ne zai ba romon ɗanɗanon da mutane ke nema a wurin dunƙule.

Bayan albasa ta yi laushi, masu taurin kai ne kan gaba. Dankalin turawa ko na Hausa, in an yanka shi daidai lomar yaro, yana buƙatar minti goma sha biyar zuwa ashirin, don haka tare da kazar zai shiga tukunya, da ruwa kamar kofi guda, a rufe a rage wuta. Karas da kabewa su biyo baya da minti biyar ko bakwai. Koren wake ya shiga bayansu. Kabeji da koren tattasai minti huɗu ko biyar sun ishe su. Alayyafo da lawashi kuwa sai an kusa saukewa, a zuba, a rufe minti biyu, tururi ya ƙarasa aikin. Ɗanyen zogale ya fi alayyafo tauri, a ba shi lokacin kabeji ko fiye da haka kaɗan. Daga kunna wuta zuwa saukewa bai kamata a haura minti arba'in ba.

Jinkirta ganye ba don kyan gani kaɗai ake yi ba. Bitamin C da ke cikin tattasai da kabeji da alayyafo ba ya jure dogon zafi, kuma yana narkewa cikin ruwa. Mai tafasa ganye ta tsiyaye ruwan a kwata ta zubar da wani kaso na amfaninsa. A tukunya ɗaya abin da ya fita daga ganyen romo yake shiga, romon kuma shanye shi za a yi. Akwai kuma batun kanwa, wadda iyayenmu ke jefawa don ganye ya yi laushi ya riƙe korensa. Tana yin hakan, amma tana lalata bitamin C da bitamin B1. Wanda ya zuba ganye a ƙarshe bai da buƙatarta. Man nan cokali biyu ma yana da aikinsa: sinadarin da ke ba karas da kabewa launinsu, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, a cikin mai yake narkewa, kuma hanji ya fi tsotse shi idan an ci da ɗan maiƙo. Masu cewa abincin lafiya shi ne wanda ba ɗigon mai a ciki sun wuce gona da iri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum. Abin lura shi ne hukumar ba ta lissafa dankalin turawa da na Hausa da rogo a cikin wannan adadi, domin su a layin shinkafa da tuwo suke. Saboda haka tukunyar da aka cika da dankali aka yafa mata karas guda ɗaya ba ta biya bukata ba. Abin takaici kuma, ba rashin kayan ne ke damunmu ba. Filato na turo kabeji da karas da dankali, Kadawa da Kura na noman tumatir da ruwan madatsar Tiga, albasar Aliero da ta Galmi sun yi suna har ƙetare, kuma duk wanda ya shiga kasuwar 'Yankaba a Kano lokacin sanyi ya san yadda kayan gwari ke zubewa. Idan damina ta sa tumatir ya yi tsada, alayyafo da zogale da rama ne ke araha. A bi kasuwa, kada a ce sai abin da aka gani a Facebook.

Wurin da girkin nan kan ɓaci a hannunmu shi ne gishiri. Hukumar ta ce kada baligi ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya haɗa da gishirin da ke cikin burodi da taliyar leda da kilishi. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Mai murmusa huɗu ko biyar a tukunyar mutum huɗu, ta kuma ƙara gishirin hannu, ta cinye musu babban ɓangare na kason yini a cin abinci ɗaya, alhali hawan jini ya zama ciwon da kusan kowane dangi ke da mai shan maganinsa. Idan kaza ta soyu yadda ya kamata, aka sa daddawa da citta da kanumfari, aka matsa lemon tsami bayan an sauke, dunƙule ɗaya ya wadatar. Harshe yakan yi ƙorafi a farko, bayan 'yan makonni ya saba.

Saura maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci. Ɗanyar kaza na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonela da Kamfilobakta, masu haddasa gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kamuwa da cuta ta hanyar abinci a kowace shekara, 420,000 na mutuwa, kuma Afirka ce nauyin ya fi danne wa, da mace-mace 137,000. Hukumomin abinci na Birtaniya da Amurka sun daɗe suna hana mutanensu wanke ɗanyar kaza, saboda feshin ruwan famfo na watsa ƙwayoyin zuwa kwanuka da sauran kayan abinci. A wani gwaji da ma'aikatar noma ta Amurka ta bayyana a 2019, kashi 26 cikin 100 na waɗanda suka wanke kaza an samu ƙwayoyin da ke jikinta a latas ɗin da suka haɗa daga baya.

Wannan shawara an yi ta ne don kazar kanti da ta zo a gyare cikin leda. Tamu a kasuwa ake yanka ta, a fige a ruwan zafin da ya wanke kaji da dama kafin ita, ta iso gida da jini da sauran gashi. Babu Bahaushiyar da za ta jefa wannan a tukunya haka nan, kuma da gaskiyarta. Abin ɗauka a nan shi ne wanki yana fitar da datti ne kawai, wuta ce ke kashe cuta, ko da an cuɗa da lemon tsami. A wanke a cikin roba a hankali, ba a ƙarƙashin famfo ba, a zubar da ruwan nesa da wurin girki, a wanke roba da wuƙa da hannu da sabulu. Mafi sauƙi ma, a gama yanka duk kayan lambu a rufe su kafin a taɓa kazar, ta yadda wuƙa ba za ta koma daga nama zuwa kabeji ba. Kaza ta nuna idan tsakiyar tsokarta ya kai digiri 74. Da yake ma'aunin zafin nama ba kayan madafinmu ba ne, a tsaga yanka mafi kauri har ƙashi: in akwai ja, ko ruwan da ya fito bai yi garau ba, a mayar.

Ragowa ma na da ƙa'ida. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri, don haka dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba, in kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu, wannan na nufin tukunyar da ta kwana a kan murhu ba abin amincewa ba ce, ko da ba ta yi tsami ba. Mai firjin da wuta ke zama ta juye a mazubi marar zurfi don ya yi saurin hucewa, ta sa a ciki, da safe ta ɗumama har ya tafasa. Wanda wutar unguwarsu sai an yi sa'a, ya dafa daidai cikin mutanen gidan. Ƙananan cinyoyi huɗu, dankali matsakaita huɗu, karas uku, rabin ƙaramin kabeji, koren tattasai biyu, albasa babba da ɗaurin alayyafo sukan ciyar da mutum huɗu, in da yara a ciki har da ƙari.