Sake Fasalin Farfajiyar Kasuwar Zamani: Darasi Daga Funan Ta Ƙasar Singafo

Gabatarwa

Manyan kasuwannin zamani, wato irin gine-ginen nan da ke tattare da shaguna da gidajen abinci da silima a ƙarƙashin rufi guda, sun fara zama ruwan dare a biranen Nijeriya tun daga lokacin da aka buɗe The Palms a Legas a ƙarshen 2005. Ikeja City Mall ta biyo baya a 2011, sannan Ado Bayero Mall a Kano a 2014. A wannan ɗan rubutu zan dubi wani ɓangare na irin waɗannan gine-gine wanda ba a cika kula da shi ba, wato wuraren da kowa da kowa ke tarayya a cikinsu. Zan yi bayanin yadda ake sake musu fasali a yau, tare da kafa hujja da kasuwar Funan ta ƙasar Singafo.

Ma'anar Kalmomi

Da yake mu ɗaliban harshe ne, ya dace in fara da fayyace kalmomi biyu. Na zaɓi "farfajiya" domin ta tattaro duk wani wuri a cikin kasuwa wanda ba a ba ɗan kasuwa haya ba, kamar tsakar gini da hanyoyin wucewa da matakala da wurin zama da bayi da saman rufi. Kalmar "dandali" ma za ta yi, sai dai ita ta fi karkata ga wurin wasa da taro. Kalma ta biyu ita ce "ɗorewa". Abin da nake nufi da ita shi ne a tafiyar da kasuwa ta hanyar da ba za ta cinye wuta da ruwa da kayan gini fiye da kima ba, kuma jama'a ba za su ƙaurace mata bayan 'yan shekaru ba.

Asalin Matsalar

Mutumin da ake danganta wa ƙirƙiro kasuwar zamani rufaffiya shi ne Victor Gruen, wani mai zanen gine-gine ɗan birnin Viyana wanda ya gudu zuwa Amurka a 1938. Shi ya zana Southdale a jihar Minesota, wadda aka buɗe a 1956. A tsakiyarta ya sa fili mai tafkin kifi da kejin tsuntsaye da wurin shan shayi, domin burinsa shi ne mutanen da ke zaune a bayan gari su sami mahaɗa irin ta tsofaffin biranen Turai. Har ma ya tsara a gina gidaje da makarantu kewaye da ita, amma yawancin wannan bai tabbata ba. Masu zuba jari sun ɗauki shagunan da filin ajiye motoci, suka bar sauran. A wani jawabi da ya yi a Landan a 1978, Gruen ya nesanta kansa da abin da kasuwannin suka zama.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Shago yana biyan haya, benci kuwa ba ya biya. Saboda haka mai gini yana kallon duk takun da ya bar wa jama'a a matsayin asara. Wannan lissafi ya yi aiki muddin sai mutum ya taka ya je kasuwa kafin ya sayi abin da yake so. Hausawa na cewa kasuwa a kai miki dole, to amma sayayya ta intanet ta rage wannan dole ɗin. Wanda zai iya sayen waya ko takalmi yana kwance a ɗakinsa, sai da wani dalili na daban zai fito.

Yadda Aka Sake Funan

An buɗe Funan a 1985 a tsakiyar birnin Singafo, kuma ta yi suna wajen sayar da kwamfuta da kayan lantarki, irin hajar da cinikinta ya koma intanet da wuri. A ƙarshen watan Yuni na 2016 kamfanin CapitaLand ya rufe ta, aka rushe ginin, aka sake wani a kan kuɗi kimanin dalar Singafo miliyan 560. An buɗe sabuwar a watan Yuni na 2019. Abin lura shi ne yawancin sababbin abubuwan da aka yi a farfajiya aka yi su.

Na farko, a tsakar ginin an kafa wani ƙaton tsari na ƙarfe da katako mai siffar bishiya, tsawonsa mita 25, wanda ya ratsa hawa da dama. A jikin rassansa akwai ƙananan rumfuna da ake bai wa masu ƙaramin jari da masu sana'ar hannu na ɗan lokaci. Amfanin wannan biyu ne. Wanda ba zai iya kama shago na shekaru ba ya sami wurin gwada hajarsa, mai zuwa kasuwa kuma yana tarar da sabon abu duk lokacin da ya dawo.

Na biyu, an shimfiɗa hanyar keke mai tsawon mita 200 wadda ta bi ta cikin ginin a hawan ƙasa, aka kuma tanadi wurin ajiye kekuna da wurin wanka da akwatunan ajiya. Ma'aikacin da ya zo a kan keke zai iya yin wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga ofis. Daga baya kuma an haɗa ginin da tashar jirgin ƙasa ta City Hall ta wata hanya a ƙarƙashin ƙasa. Wannan ya shafi ɗorewa kai tsaye, domin hayaƙin motocin da ke kawo masu sayayya yana cikin illar da kasuwa ke yi wa muhalli, ko da yake ba ya fitowa a takardar kuɗin wutarta.

Na uku, saman rufin da a da ba a amfana da shi sai don ɗora injuna, an mayar da shi lambu da filin ƙwallo da gona mai faɗin murabba'in ƙafa 5,000, inda aka shuka ganyaye da kayan miya. Gonar ba za ta ciyar da gari ba, amma tana da ma'ana a ƙasar da ke shigo da fiye da kashi 90 cikin 100 na abincinta daga waje. Haka kuma ƙasa da tsirrai suna tare zafin rana kafin ya ratsa rufi, suna kuma riƙe ruwan sama kada ya kwarara cikin magudana gaba ɗaya.

Na huɗu, an cakuɗa kasuwanci da wasu harkokin rayuwa. Akwai bangon motsa jiki da ake hawa, da gidan wasan kwaikwayo mai kujeru 358, da ofisoshi, da masauki. Idan mai karatu ya lura, wannan shi ne kusan abin da Gruen ya nema tun 1956. Ginin da mutane ke kwana a cikinsa, suke aiki, suke kallon wasa, ba ya mutuwa da zarar an rufe shaguna.

Iska Da Sanyi

Babban abin da ke cin wuta a kasuwar zamani a ƙasashe masu zafi shi ne na'urar sanyaya wuri, kuma farfajiya ce mafi wuyar sanyayawa saboda faɗinta da tsayinta. A nan misalin da ya fi jan hankalina daga Afirka yake. A 1996 aka buɗe Eastgate a Harare ta ƙasar Zimbabuwe, wadda Mick Pearce ya zana bisa koyi da yadda iska ke zagayawa a cikin suri. Da dare fankoki suna tura iska mai sanyi ta cikin ramukan da aka bari a daɓen kankare, kankaren ya riƙe sanyin. Da rana sai ya riƙa tsotse zafin ɗakuna, iska mai ɗumi kuma ta tashi ta fice ta bututun da ke saman gini.

Sai dai wannan dabara tana bukatar dare mai sanyi, kuma Harare tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500. A Legas ko Fatakwal, inda dare ke da ɗumi da laima, ba za ta ba da irin wannan sakamako ba. Abin da ya fi dacewa da irin waɗannan garuruwa shi ne a buɗe hanyoyin wucewa iska ta ratsa, a yi dogayen baranda masu inuwa, a sa manyan fankoki, a bar na'urar sanyi a cikin shaguna kawai. A ƙasar da kasuwanni ke dogara da janareta, duk litar man dizal da aka rage tana rage kuɗin hidima da ake ɗora wa masu shaguna, su kuma suke ɗora wa mai saye.

Inda Gizo Ke Saƙa

A ganina akwai abubuwa biyu da bai kamata a rufe ido a kansu ba. Na farko shi ne rushe gini. Sarrafa siminti yana haddasa kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, don haka ginin da aka rushe bayan shekara 31 kacal, kamar tsohuwar Funan, ya tafi da duk abin da aka ƙona wajen gina shi. Sabon ginin zai ɗauki shekaru yana tsimin wuta kafin ya biya wannan bashi. Masu iya magana sun ce da sabon gini gara yaɓe. A garin Eskilstuna na ƙasar Suwidin an bi wannan hanya a 2015, inda aka mayar da wani tsohon gini kasuwa mai suna ReTuna kusa da wurin zubar da tarkace na gari. Kayan da jama'a suka kawo ake gyarawa a sayar a matsayin gwanjo.

Na biyu shi ne tambayar ko farfajiyar ta wa ce. Komai kyanta, mallakar kamfani ce, kuma mai gadi na iya sallamar wanda ya ga dama. Ni dai ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Shin tsoho zai sami benci ya huta ba tare da ya sayi komai ba? Akwai ruwan sha da bayi kyauta? Mai keken guragu zai kai kowane hawa? Uwa za ta sami inda za ta shayar da jaririnta? Kasuwar da ta kasa waɗannan, gonar saman rufi ba za ta wanke ta ba.

Kammalawa

Na yi ƙoƙarin nuna cewa farfajiyar da a da ake ɗauka asara ce, yanzu ita ce jarin da ke jawo mutane zuwa kasuwar zamani. Funan ta nuna abin da za a iya yi da tsakar gini da hanya da rufi, Eastgate ta nuna muhimmancin yin gini daidai da yanayin wuri, ReTuna kuma ta nuna cewa ba kullum ake bukatar rushewa ba. Kasuwanninmu na farko irin waɗannan sun kai shekara ashirin, kuma lokacin gyaransu ya kusa. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu fara tanadin kalmomin Hausa na wannan fanni tun yanzu, domin idan maganar gyaran ta taso, masu shaguna da masu sayayya su iya sa baki a cikinta da harshen da suka fi ji.