Wakilin Suna: Inda Hausa da Ingilishi Suka Raba Hanya

Ina so in yi ɗan bayani a kan waɗansu ƙananan kalmomi na Ingilishi da sukan kayar da ɗalibi a jarrabawa, ko da ya haddace manyan kalmomi. Su ne waɗanda malaman nahawu ke kira wakilin suna, watau kalmar da ke tsayawa a madadin suna don kada a yi ta maimaita shi. A Hausa muna da ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. A Ingilishi kuwa akwai I, you, he, she, it, we, they.

Kada mu raina su don ƙanƙantarsu. Hukumar WAEC da aka kafa a 1952, da NECO da aka kafa a 1999, duka suna duba nahawu a takardar Ingilishi. Jami'o'i kuma, daga Jami'ar Bayero ta Kano har zuwa wadda ke Wudil nan kusa da mu, suna neman kiredit a Ingilishi. Wanda ya rasa shi sai ya sake zama, uba kuma ya sake sayar da gyaɗa ko akuya don kuɗin jarrabawa.

To, yawancin kurakuranmu daga wuri ɗaya suke fitowa: mukan shirya magana a zuci da Hausa, sa'an nan mu sa mata rigar Ingilishi. Ga wurare biyar da harsunan biyu suka raba hanya.

Na farko, a Hausa kowane abu namiji ne ko tamace. Mukan ce gida ya rushe, mota ta lalace, Gaya tana gabas da Kano. Bature kuwa ya keɓe "he" da "she" ga mutane, sai kuma dabbar da aka san jinsinta. Sauran abubuwa duk "it" ne. Saboda haka in motar Ajingi ta lalace a hanya, sai a ce "It broke down." Haka nan inda muke cewa ana ruwa, su sai su ce "It is raining."

Na biyu, Bahaushe ba ya barin aiki ya tsaya ba tare da wakilin suna a gabansa ba. Mukan ce Audu ya tafi Gaya, ba ma cewa Audu tafi Gaya. In aka kwashe wannan ƙa'ida aka kai ta Ingilishi, sai a sami "Audu he went to Gaya," wanda kuskure ne. A Ingilishi, in mai suna yana nan, wakilinsa ba shi da aiki. Sai dai a ce "Audu went to Gaya," ko kuma "He went to Gaya."

Na uku shi ne mallaka. Sau da yawa ɗalibi yakan dubi abin da aka mallaka ya manta da mai shi. Alal misali, in ana nufin Audu da ƙanwarsa, sai ya rubuta "Audu and her sister," wai don ƙanwa mace ce. Daidai shi ne "Audu and his sister." Dabarar mai sauƙi ce: a dubi ƙarshen kalmar Hausa. In ta ƙare da "sa", to "his" ne, in kuwa da "nta" ko "rta", to "her" ne. Ɗanta shi ne "her son", 'yarsa kuma "his daughter."

Na huɗu ya fi sauran ɓoyewa. In na ce mun tafi Gaya da Audu, kowane Bahaushe zai iya fahimtar cewa mu biyu ne kawai. Amma wanda ya rubuta "We went to Gaya with Audu" ya gaya wa mai dubawa cewa su uku ne ko fiye. In mutum biyu ake nufi, sai a ce "Audu and I went to Gaya." A lura kuma, mai magana yakan sa kansa a ƙarshe. "I" na mai aikatawa ne, "me" kuwa na wanda aiki ya faɗa wa. In an yi shakka, a cire ɗaya mutumin a gwada. Tun da ana cewa "The teacher called me," to sai a ce "The teacher called Audu and me."

Na biyar, mu muna bambanta kai da ke da ku, har mukan ce wa babba "ku" don girmamawa. Ingilishin yau kalma ɗaya gare shi, watau "you". A zamanin marubucin nan Shakespeare, wanda ya mutu a 1616, Turawan Ingila suna da "thou" don mutum ɗaya, amma daga baya suka bar ta. Shi ya sa har yanzu "you" take ɗaukar aikin jam'i. Ko da mutum ɗaya ake yi wa magana, "you are" da "you were" ake cewa, ba a cewa "you is" ko "you was."

Shawarata ga 'yan'uwa ita ce, duk wanda ya gama rubuta insha'i ya koma ya ja layi a ƙarƙashin kowane wakilin suna, ya tambayi kansa: wannan wa yake wakilta? Iyaye ma suna da abin yi a lokacin hutu, ko da ba su jin Ingilishi. Su sa yaro ya karanta musu shafi ɗaya da ƙarfi, ya fassara, su riƙa tambayarsa wane ne ya yi, wa aka yi wa. Inda ya yi inda-inda, nan gyara yake. Abin da ya shige mana duhu kuwa mu kai wa malamanmu, gama matambayi ba ya ɓata.