Aikin Kansar Tumbi Ba Tare Da Doguwar Tsaga Ba

Uwargida, da an ce za a yi wa mutum aiki a tumbi, abin da ke faɗo mana a rai shi ne tsaga tun daga ƙahon zuci har cibiya. To yanzu akwai hanyar da ake kira laparoskofi. Likita zai yi ƙananan huda kamar biyar a fatar ciki, ya hura iskar kabon dayoksaid don ciki ya buɗe, sannan ya zura kyamara da dogayen kayan aiki yana kallon komai a allo. Wani likitan Japan, Seigo Kitano, shi ya fara ba da rahoton cire ɓangaren tumbi mai kansa ta haka a 1994.

Sai dai kada ƙanƙantar tabon ta ruɗe ki, aikin babba ne. Abin da ake cirewa bai ragu ba: kusan kashi biyu cikin uku na tumbin, wani lokaci ma dukkansa, tare da ƙwayoyin kaluluwar da ke kewaye da shi, domin ta nan cutar ke fara yaɗuwa. Daga nan a haɗa abin da ya saura da hanji. Aikin ya fi ɗaukar lokaci, amma jini ba ya zuba sosai, majiyyaci kuma yakan miƙe da wuri. A Koriya ta Kudu an gwada hanyoyin biyu a kan mutum sama da 1,400 masu cutar a matakin farko. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna bayan shekara 5, kimanin 94 cikin 100 na masu huda suna raye, masu tsaga kuma 93.

Ki lura, matakin farko aka ce. Can ana leƙa tumbin ’yan shekara 40 zuwa sama duk bayan shekara biyu. Idan cutar ba ta wuce fatar cikin tumbi ba, ta baki ma ake zura bututu a ɗaye wurin. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda muke kiran kowane ciwon ciki olsa. Maigida yana ramewa, loma kaɗan ta ƙosar da shi, yana amai ko baƙin bahaya, ai wannan ya wuce a aiki yaro kemis.

Bayan sallama kuwa aiki ya dawo hannunki. Ba malmalar tuwo sau uku ba, abinci kaɗan-kaɗan kamar sau shida a wuni, a rage zaƙi, a jinkirta shan ruwa sai bayan an ci. Wanda aka cire wa tumbi gaba ɗaya zai riƙa karɓar bitamin B12, galibi ta allura, iya rayuwarsa.