Damina ta rage ciniki a Garwa: Lokacin duba makullin kuɗin da ke cikin waya ya yi

Duk wanda ya san kasuwannin Arewacin Kamaru ya san cewa daga watan Yuli zuwa ƙarshen Agusta ciniki yakan ja baya. Mutanen karkara suna gona, kuɗin audugar da kamfanin Sodecoton ya biya tun da rani sun ƙare, kogin Binuwai ya cika, sannan hanyoyin da ke bi ta Gashiga zuwa iyakar Najeriya sukan wahalar da masu motoci. Ko a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi za ka tarar da 'yan kasuwa zaune ana hira, ana jiran mai saye. To, wannan zaman shi ne damar da ɗan kasuwa yake da ita ta duba wayarsa ta hannu, domin kuwa a yau a cikinta jarinsa yake kwana.

Tun da aka fara aika kuɗi ta MTN Mobile Money da Orange Money sama da shekara goma da suka wuce, mutane da dama sun daina ɗaure sefa a ƙugu. Masu hulɗa da Yola da Mubi kuwa, ƙarancin takardun Naira da aka yi a farkon shekarar 2023 ya tilasta musu karɓar kuɗi ta waya, har abin ya zame musu jiki. Ɓarayi ma sun lura da haka.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya tambayi kansa shi ne: layin da nake tara kuɗina a kai, da sunan wa aka yi masa rajista? Wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci, amma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A watan Satumba na 2015 gwamnatin Kamaru ta fitar da dokar da ta wajabta yi wa kowane layi rajista da katin shaida, ta kuma taƙaita wa mutum ɗaya layi uku a kowane kamfani. Sai dai har yanzu akwai manyan 'yan kasuwa da ke juya miliyoyi a kan layin da aka saya a bakin titi, ko wanda aka yi wa rajista da katin yaron shago, ko na ƙane da ya tafi ci-rani Duwala. Muddin waya tana hannu ba a ganin matsalar. Ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, a nan ake gane kuskure, saboda kamfani zai nemi wanda sunansa ke kan layin ne, ba wanda ya zuba kuɗin ba. Mafi muni, shi mai sunan yana iya zuwa ofis ya ce layinsa ya ɓace, a ba shi sabo, alhali maigida na zaune a rumfa bai san wainar da ake toyawa ba. Gyaran wannan aikin yini ɗaya ne: a ɗauki mai sunan da katinsa a je ofishin kamfani a nemi a mayar da layin ga mai shi, ko a buɗe sabo a kwashe kuɗin. A lokacin kaka wa zai rufe shago ya je ya bi layi?

Sai batun 'yan damfara, waɗanda dabarunsu ba su da yawa, sai dai suna ci saboda gaggawar mutane. Wani zai turo saƙo mai kama da na shigar kuɗi, sannan ya kira yana magiya cewa kuskure ya yi, a taimaka a mayar masa. Wani kuma zai kira da Faransanci mai kyau ya ce daga kamfani yake, za a rufe asusunka idan ba ka danna lambar sirrinka ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, ya riga ya tura buƙatar cire kuɗi daga asusunka, lambar da ka danna ita ce amincewarka. Babu ma'aikacin gaskiya da zai nemi lambar sirri. Kuma saƙo ba shaida ba ne: kafin a ba da kaya, a danna *126# a MTN ko #150# a Orange a ga ko kuɗin sun shigo da gaske. Haka ma masu karɓar Naira, hoton rasit da mai saye ya nuna a wayarsa ba kuɗi ba ne.

Hakazalika akwai satar WhatsApp, wadda ta fi cutar da masu amana tsakanin ƙasashe biyu. Ana yaudarar mutum ya faɗi lambobi shida da suka shigo masa, daga nan sai a karɓe shafinsa a riƙa neman kuɗi wurin abokan cinikinsa da sunansa. Manhajar tana da wurin saka lambar sirri ta biyu tun 2017, aikin da bai wuce minti biyu ba. Wanda bai iya ba, ya sa ɗansa ya buɗe masa wurin, amma ya danna lambar da hannunsa.

A nan ne kuma za mu faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Yawancin iyayen gida sun ba yaransu lambar sirri, wasu yaran ma sun bar aiki tun bara, lambar tana nan yadda take, kuma sau da yawa shekarar haihuwa ce ko 1234. Ba zargin kowa ake yi ba, amma a canza ta. Wanda ke da hali ya ware layi ɗaya na cinikin yau da kullum a hannun yara, ya bar babban jari a wani layin da ba ya shiga kasuwa.

Wanda tsautsayi ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira kamfani nan take a tsayar da asusun, ya adana saƙonnin da lambar da ta kira shi, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarmomi. Dokar 21 ga Disamba, 2010 ta tanadi hukunci kan laifukan intanet, kuma hukumar ANTIC tana karɓar koke a kansu. Cikin watan Satumba yara za su koma makaranta, masu sayen littattafai da yadin yunifom za su cika kasuwa, daga nan kuma sai kakar gyaɗa da masara.