Wa Ya Shaida Ranar da Aka Haifi Mawaƙin?

Da wuya gari ya waye ba ka ji mai gabatar da shiri a rediyo ya ce yau wane mawaƙi ya cika shekara kaza da haihuwa ba, sannan ya sako waƙarsa ɗaya. Mukan ji mu wuce, ba ma tambayar inda ya samo ranar. Shi ma daga wani jeri ya kwaso, masu jerin kuma daga littafi, mai littafin kuwa sau da yawa daga bakin mawaƙin ya ji. To shi mawaƙin wa ya gaya masa? Babu jaririn da ya san ranar da ya zo duniya, sai abin da aka faɗa masa.

Labarin Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙaho na kiɗan jaz a Amurka, shi ya fi fito da wannan fili. Duk tsawon rayuwarsa cewa yake an haife shi a birnin New Orleans ranar 4 ga Yuli, 1900. Ranar kuwa ba ƙarama ba ce, ita ce ranar bikin 'yancin kan Amurka, dare ne na wasan wuta da tartsatsi, ga shekarar ta zo cif da sifiri biyu. Ya ce haka mahaifiyarsa ta gaya masa, haka aka rubuta a takardunsa, haka jaridu suka yi ta bugawa. Ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1971, kwana biyu bayan an taya shi murnar cika shekara 71.

Sai a shekarun 1980 wani mai binciken tarihin kiɗa, Tad Jones, ya bi diddigi har cocin Katolika na Sacred Heart of Jesus a New Orleans, ya buɗe littafin da ake rubuta sunayen jariran da aka yi wa baftisma. A ciki aka ga 4 ga Agusta, 1901. Ashe Armstrong bai ma cika saba'in ba ya bar duniya.

Me ya sa masana suka bar maganar mai abu suka kama ta littafin coci? Ƙa'idarsu ita ce, takardar da aka rubuta kusa da faruwar abu ta fi wadda aka rubuta daga baya ƙarfi, musamman in mai rubutun ba shi da wata riba a ciki. Limamin cocin da ya rubuta sunan jaririn talakawa bai san zai zama wani ba, ba abin da zai ƙara ko ya rage. Fasfo kuwa, ko katin rajistar soja, abin da mutum ya faɗa da bakinsa akawu yake rubutawa. Ko sun kai goma, shaida ɗaya ce aka maimaita. Bayan littafin coci sai a duba takardun ƙidayar jama'a, a ga shekara nawa aka ba yaron sa'ad da masu ƙidaya suka shiga gidansu. A ganina Armstrong ba ƙarya ya shara ba. Uwa ta tuna dare mai hayaniya, ɗa ya riƙe, ranar kuma ta yi daɗin faɗi. Mutanen New Orleans dai sun bi littafin: a watan Agustan 2001 suka yi bikin cikarsa shekara ɗari, a shekarar ce kuma aka sa wa filin jirgin saman birnin sunansa.

Na Eubie Blake, mai kaɗa piyano ɗan Baltimore, ya fi ban dariya. An yi gagarumin bikin cikarsa shekara ɗari ranar 7 ga Fabrairu, 1983, ya rasu bayan kwana biyar. Daga baya takardu suka nuna 1887 aka haife shi, wato yana da 96.

Inda gida na masu alƙalami ne, ba a shan wannan wahalar. Mawaƙi Fela Kuti ɗan wani limamin coci kuma shugaban makaranta ne a Abeokuta, ranarsa 15 ga Oktoba, 1938, ba gardama, shi ya sa bikin Felabration da 'yarsa Yeni ta ƙirƙiro yake faɗowa a makon nan kowace shekara a Legas.

Mu nan ai abin ba baƙo ba ne. Alhaji Mamman Shata, 1923 ake cewa an haife shi a Musawa, shekara kawai, ba wata ba rana. Iyayenmu da aukuwa suke lissafi: shekarar fari, shekarar zuwan Sarauniya, shekarar da aka canza kuɗi. Ranar mako kuwa suna riƙe ta gam, har ta zama suna, ga Ɗanladi, ga Talatu, ga Jummai. In aiki ya buƙaci takarda sai a je kotu a yi rantsuwar shekaru, akawu ya cike gurbin da 1 ga Janairu. Saboda haka in ka ga mawaƙin da ya tashi a ƙauye an ce ranar sabuwar shekara aka haife shi, ka ɗan yi jinkiri kafin ka aika masa gaisuwa.

Doka ma ba ta damu da ranar haihuwar mawaƙi ba, ranar rasuwarsa take nema, wadda galibi akwai shaidu a kanta. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, waƙar da mutum ya tsara tana da kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu, ko da yake faifan da aka naɗa lissafinsa daban ne. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, ke nan baitocinsa suna hannun magada har ƙarshen 2069.