Daga Kwalta Zuwa Ƙazafi: Abubuwan Mamaki a Bakin Bature

Kalmar kwalta da muke faɗa kullum aro ce daga coal tar, wato baƙin ruwa mai kauri da ke fita idan an dafa kwal. Ita kuwa tar tushenta ɗaya da tree, wato itace, domin kwaltar farko a arewacin Turai daga itace ake tatso ta. Akan tara saiwoyi da kututturen wani itace mai ƙaro a rami, a rufe da ƙasa, a bar wuta na ci a hankali har baƙin ruwan ya tsiyayo cikin ganga. A ƙarni na 19 garin Oulu na ƙasar Finland ya yi arziki da wannan fatauci, ana sauko da gangunan ta kogi cikin dogayen kwale-kwale.

Masu saye kuwa 'yan jirgin ruwa ne. Da ita suke toshe tsagar katako, su shafe igiyoyi don kada su ruɓe, har tufafinsu sukan shafa wa don ruwa. Shi ya sa aka laƙaba wa ma'aikacin jirgin ruwan Ingila suna Jack Tar. Tamfol ɗin da ake rufe kaya da shi a bayan mota ma ɗan gidan ne, sunansa tarpaulin, asalinsa ƙyalle mai kauri da aka shafe da kwalta.

To, abin da ke kare jirgi daga nutsewa, ta yaya ya koma makamin tozarta mutum? A 1189 Sarki Richard na Ɗaya na Ingila ya kafa wa rundunarsa ta ruwa doka: duk wanda aka kama da sata a aske masa kai, a zuba masa tafasasshiyar kwalta, a barbaɗa masa gashin tsuntsu, sannan a sauke shi a gaɓar farko da jirgi ya tsaya. Al'adar ta ƙetara Amurka ta zama hukuncin 'yan gari. A Janairun 1774, cikin tsananin sanyi, mutanen Boston suka kama wani jami'in kwastan na Ingila, John Malcolm, suka tuɓe shi, suka shafe shi da kwalta da gashin kaji, suka ɗora shi a keken doki suna zagaya gari da shi, suna ɗura masa shayi dole saboda fushin harajin shayi. Da likitoci suka zo cire kwaltar, da fata take tahowa. Joseph Smith, wanda ya kafa ɗarikar Mormon, shi ma an yi masa haka a jihar Ohio a 1832. Ba kasafai hukuncin ke kisa ba, kuma ba kisan ake nufi ba, mutuncin ake so a kashe. A ganina wannan zalunci ne tsantsa, ko da wanda aka yi wa mai laifi ne, domin taron da ya fusata ba alƙali ba ne. Har yau Bature na cewa tar and feather idan jama'a suka yi wa mutum rubdugu da baki. Bahaushe ma kaza ya jawo cikin zancen, sai dai shi kashinta yake cewa an shafa wa mutum.

Makiyaya na da nasu kason. Da kwalta suke yi wa tumaki alama da maganin gyambo, buroshi ɗaya ga dukan garke. Daga nan ake jin an samo tarred with the same brush, wato a yi wa mutane kuɗin goro saboda laifin ɗaya. Akwai kuma karin maganarsu mai gargaɗin kada a yi asarar jirgi don ƙyashin kwaltar sisin kwabo. Asali tunkiya ake nufi, amma a wasu yankunan Ingila sheep da ship furucinsu ɗaya, sai tunkiya ta rikiɗe ta zama jirgi.

Wani zagin kuma ya koma kirari. Mutanen jihar North Carolina a da sana'arsu dafa kwalta, aka riƙa yi musu gori da Tar Heel, masu kwalta a dunduniya. Lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 suka rungumi sunan da ma'anar ƙafarsu ba ta gudu daga fagen fama. Da wannan suna ƙungiyoyin wasannin jami'ar jihar ke amsawa, kuma cikinsu Michael Jordan ya buga ƙwallon kwando.

Tarnish, dusashewar ƙarfe ko ta suna, ta yi kama da 'yar gidan tar, amma ba su haɗa komai ba, daga Faransanci ta zo. Denigrate, wato ƙasƙantarwa, a Latin "baƙantawa" take nufi. Smear kuwa, da a yau ke nufin yarfen siyasa, a tsohon Turanci shafa mai ne kawai.

Dokar Ingila ta raba ƙazafi gida biyu. Na baki slander, tushensa ɗaya da scandal. Na rubutu libel, daga kalmar Latin mai nufin ɗan ƙaramin littafi. Kuma ɗan ƙaramin rubutu ne ya haifar da shari'ar da ta kafa tarihin tsawo a Ingila. Kamfanin McDonald's ya kai Helen Steel da David Morris ƙara kan wata takarda da ake rabawa a titin Landan tana sukar kamfanin. Ba su da kuɗin lauya, suka tsaya wa kansu. Aka fara a 1994, aka yi zaman kotu na kwana 313, hukunci ya fito a 1997: su biya fam 60,000, daga baya aka rage zuwa 40,000. Ba su biya ba, kamfanin bai bi ba, kuma a 2005 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye musu haƙƙi da aka bar su ba tallafin lauya.

Ɓangaren wankewa shi ya fi ba ni tunani. Immaculate na nufin marar ɗigon tabo. Exonerate, abin da muke cewa kotu ta wanke mutum, asalinsa sauke wa mutum kaya ne, kuma duk wanda aka taɓa yi wa sharri ya san nauyi ne na gaske. Candidate, ɗan takara, daga "fari" ta fito, saboda a tsohuwar Rum mai neman muƙami yakan sa mayafin da aka goge da alli ya yi fari fat. Amma whitewash, shafa farar ƙasa a bango, wadda ya kamata ta zama kishiyar kwalta, ita ma zargi ce: idan aka ce rahoton kwamitin bincike whitewash ne, ana nufin an yi rufa-rufa, an shafe laifin manya da farin fenti.